Tankin da ya loɓa alhali bai bugi dutse ba

Motar da aka kawo mini gyara mai jan ƙafa huɗu ce, ta fetur, tankinta na ƙarfe mai cin lita 80. Ta yi kwana biyu tana ratsa kwazazzabai da taɓo, ta kuma tsallaka ruwan da ya kai gindin ƙofa. Matsala uku ta dawo da su. A gidan mai, duk bayan lita biyu ko uku sai kan famfo ya katse kamar tanki ya cika. A kan hanya, bayan kamar rabin awa sai inji ya fara shaƙewa, a taka totur ya ƙi amsawa, a tsaya a huta ya dawo daidai. Gejin mai kuma ya maƙale a saman kwata, ba ya sauka. Mai motar ya leƙa ƙasa ya ga cikin tanki ya loɓa, ya yanke hukuncin cewa dutse ne, abin da yake so kawai a sa masa sabon tanki.

Ban taɓa sufana ba tukuna. Na tayar da inji, muka yi tafiyar minti ashirin, na kashe, na zagaya wajen murfin tanki da ɗan yankin takarda marar nauyi a hannu. Na murɗa murfin a hankali ina riƙe da takardar a bakin wuyan tanki. Kunne ba ya iya bambance iska mai fita da mai shiga, dukkansu “fuuu” suke yi, amma takarda tana iya. Ta manne wa bakin, wato ciki ake zuƙa. Daga ƙarƙashin mota kuma sai ga ƙarar “ɓam”, irin ta garwar da aka danna aka saki. Ɗan hucin da ke fitowa waje a ranar zafi ba laifi ba ne. Zuƙa mai ƙarfi zuwa ciki, har ƙarfe ya yi kuka, alama ce ta tankin da aka toshe wa hanci.

Tanki yana numfashi ta fuska biyu. Duk litar man da famfo ya ja zuwa inji, sai litar iska ta shigo ta maye gurbinta. Duk litar da aka zuba a gidan mai, sai litar tururi ta fita. A da ɗan rami ne a murfi yake wannan aiki. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana sakin tururin fetur a iska, daga baya sauran ƙasashe masu ƙera mota suka bi, sai aka rufe tanki ruf aka yi wa tururin hanya ta cikin wani gwangwani cike da gawayi, wanda makanikai ke kira kanista. Gawayin yana riƙe tururin fetur ya bar iska zalla ta wuce. Bawul biyu ke tsaron gwangwanin. Na baya, kusa da shi, shi ne na shan iska daga waje, kuma a buɗe yake zama sai in kwamfutar mota ta rufe shi don gwada yoyo. Na gaba, kusa da inji, a rufe yake zama, kwamfuta ce ke buɗe shi in inji ya yi zafi don ya zuƙe tururin da gawayi ya tara ya ƙone shi. Matsalar mai shiga daji ita ce, a motoci da yawa gwangwanin da bawul ɗin baya suna ƙarƙashin mota ne, kusa da ƙafafun baya, daidai inda taya ke feso laka.

Gwaji na biyu shi ma ba ya buƙatar kayan aiki. Mai ya yi ƙasa da rabi, sai na bar murfin a sassauce muka sake bin hanyar nan na minti arba'in. Inji bai shaƙe ba ko sau ɗaya. Wannan gwaji ne na ɗan lokaci kawai, ba magani ba: mota mai sassautaccen murfi tana zubar da tururi, in ta karkata kuma ta zubar da mai.

Da na jona sikana, na'urar da ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, a soket ɗinta da ake kira OBD-II, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, lambobi uku suka fito: P0446, matsalar hanyar shan iska, P0441, zuƙar tururi ba bisa ƙa'ida ba, da P0171, mai ya yi kaɗan a cakuɗar da inji ke ƙonawa. Ta ukun ce ke ɓatar da mutane, don da an gan ta sai a ce famfon mai ya mutu. Lambobi dai suna nuna unguwa ne, ba sa nuna gida. Abin da ya fi su amfani shi ne karatun sansa, wato na'urar da ke auna matsin cikin tanki, kai tsaye. Da murfi a ɗaure, inji yana silo, karatun ya riƙa gangarawa ƙasa da sifili bai tsaya ba. Na zare soket ɗin wutar bawul ɗin gaba, wanda ya kamata ya sa shi rufewa, amma karatun ya ci gaba da sauka. Ke nan bawul ɗin gaba ya maƙale a buɗe, inji yana tsotson tanki ba dare ba rana, ga hanyar shan iska a toshe.

Daga nan sai wanki. Ba a binciken ƙarƙashin motar da ta sha taɓo sai an wanke ta ta bushe, in ba haka ba laka za ta ɓoye maka tsaga da yoyo, ta kuma zuba cikin duk bututun da ka cire. A yi hattara da ruwa mai ƙarfi: kada a saita shi kan soket ko bakin mesar shan iska, sai ka ƙara tura lakar ciki.

Na kwance farantin kariya da ke ƙasan tanki, noti shida. Tsakaninsa da tanki laka ta daskare kamar tubali, da tsakuwa a ciki. Farantin yana da ƙarce-ƙarce, amma babu inda ya lotsa sama. A nan maganar dutse ta faɗi. Dutsen da zai loɓa tanki sai ya fara lanƙwasa farantin. Bugun dutse kuma yana barin shaida: wuri ɗaya ne, da kaifi a tsakiyarsa, fenti a kankare, sau da yawa da dogon ƙarce daga gaba zuwa baya saboda mota tana tafiya lokacin da ta hau shi. Wannan loɓawar kuwa faffaɗa ce, sumul, kamar an danna kwano da tafin hannu, fenti lafiya lau, kuma da na sa hannu ta sama na ji rufin tankin ma ya ɗan sauko.

Mutane suna mamakin yadda iska za ta lanƙwasa ƙarfe. Lissafin ba wuya. Iskar da muke ciki tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1. Gindin tanki mai tsawon santimita 80 da faɗin 60 yana da santimita murabba'i 4,800. In matsin ciki ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kacal, ƙarfin da ke tura gindin sama ya kai na kilo 480. Inji a silo kuwa yana iya zuƙar da ta ninka wannan sau da yawa. Ƙarfen tanki siriri ne, an yi shi don ɗaukar nauyin mai, ba don wannan kokawa ba.

Tsakuwar ma ta yi nata ɓarnar. A wuri biyu ta cinye fenti ta fara cin ƙarfe, saboda girgizar tafiya tana goga ta kamar zarto. Farantin da ba a kwance shi a wanke bayansa, shi da kansa yake huda tankin da aka sa shi ya kare.

Hanyar shan iska na bi ta daga waje zuwa ciki, don toshewa daga waje take farawa. Bakin mesar yana soke ne a cikin ƙarfen shasi. Na zaro ta, na matsa ta da yatsu, na ji wuri mai tauri. Da na zura waya mai laushi sai ga busasshiyar laka ta fito, tsawon ɗan yatsa, da siffar cikin mesar. Ƙaramar filtar da ke gaban bawul ta koma dunƙulen ƙasa. Bawul ɗin baya na cire shi na ba shi wutar batir kai tsaye: lafiyayye yana yin “ƙas” ya rufe, a cire wuta ya buɗe. Wannan ko motsi bai yi ba. Na auna naɗin wayar da ke cikinsa da mita, wayar ba ta tsinke ba, ƙasa ce ta riƙe shi. Wani lokaci wanki yana tayar da irinsa, amma in yashi ya riga ya ci robar da ke zama a bakin, zai yi ƙara kamar lafiyayye ya kuma riƙa yoyo, bayan mako guda lambar ƙaramin yoyo, P0442 ko P0456, ta fito. Na canza shi.

Ba laka kaɗai ke toshe wannan mesa ba. Motar da ta daɗe a ajiye, zanzaro yana iya gina ɗakinsa a bakinta. Gizo-gizo ma haka: a 2011 kamfanin Mazda ya nemi a dawo masa da dubban motocin Mazda6 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a bututun shan iska, abin da ke iya sa tanki ya tsage, kuma aka sake irin wannan kira a 2014. In saƙar gizo-gizo ta isa haka, ina ga laka.

Gwangwanin gawayi tun a hannu na san ya tafi. Ya yi nauyi fiye da kima, da na karkata shi ruwa ja ya tsiyayo daga bakin shan iska. Na gwada tura iska ta cikinsa da ƙaramin famfon hannu, da kyar take wucewa. Ba a hura shi da baki, tururin fetur ne a ciki, ba a kuma hura shi da kwamfuresa, sai ka fasa soson da ke riƙe gawayin. Gawayin da ya jiƙe da ruwan laka ba ya dawowa ko an shanya shi, domin ƙasar ta riga ta cike ƙananan ramukan da ke kama tururi. A wannan motar soson ya riga ya yage, kuma shi ya bayyana matsalar gaba: da na buɗe bututun da ke zuwa inji, ƙwayoyin gawayi suka zubo a tafin hannuna kamar baƙin yashi. Ɗaya daga cikinsu ta isa ta tokare bawul ɗin gaba. Gwajinsa shi ne a cire shi, ba wuta, a zuƙe shi da famfon hannu: in allurar ta tsaya cak lafiya yake, wannan kuwa nan take ta faɗi. Kafin sa sabo sai da na cire bututun ta kai biyu na hure shi fes. Wanda ya tsallake wannan mataki, gawayin da ya rage a layi zai kashe masa sabon bawul cikin kwanaki.

Akwai mai tsaro na ƙarshe da ya kamata ya ceci tankin, wato murfi. Murfin asali yana da ƙaramin bawul a ciki da ke buɗewa ya shigo da iska in zuƙa ta yi yawa. Na wannan motar ƙura da jiƙa sun like shi. Abu uku ke nan suka haɗu kafin ƙarfe ya ba da kai. Da sabon tanki kawai aka ɗora, da shi ma ya bi sahun tsohon.

Yanzu sauke tanki. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ƙasa yake bi ya taru a rami, kuma kaɗan daga cikinsa, kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska, ya isa ya kama da tartsatsi ɗaya. Saboda haka a sarari ake aikin, ba cikin rami ba, ba sigari, ba injin yanka, ba fitilar ƙwai mai zafi, abin kashe gobarar mai yana kusa da hannu. Na zare fis ɗin famfon mai na tayar da inji har ya mutu da kansa, don matsin da ke layi, wanda a irin wannan inji yake kai ninki 3 zuwa 4 na matsin iskar da muke ciki, ya sauka. Na cire kan batir na nagatib. Na janye man da famfon hannu zuwa jarkokin da aka yi don fetur. Lita ɗaya ta fetur kusan gram 740 ce, don haka lita 30 da ta rage ta haura kilo 22, kuma nauyi ne mai kai-komo: tanki ya ɗan karkata, man ya ruga gefe guda ya ƙwace maka shi daga kan jak.

Mota a kan sanduna masu ƙarfi, ba jak kaɗai ba. Na tallafi tankin da jak da faffaɗan katako, na kwance maɗauran ƙarfe biyu, na sauke shi kamar taƙi ɗaya kawai na tsaya. A wannan tazara ake sa hannu a cire soket ɗin famfo, layin mai, bututun tururi da babbar mesar wuya. Wanda ya sauke gaba ɗaya kafin ya cire su, zai karya bakin roba da ke saman famfo. Maɗauran layin mai na roba ne masu ɗan harshe, kuma in ƙasa ta shiga ƙarƙashin harshen ba ya dannuwa. A wanke shi, a tura layin ciki tukuna, sannan a danna a ja. Ƙarfi ba ya buɗe su, karya su yake yi.

Saman tankin na share shi tas kafin in buɗe, na yi alama inda kibiyar famfo take kallo. Zoben da ke ɗaure famfon an fi so a kwance shi da maɓallinsa na musamman. In babu, sandar tagulla da guduma, ba ƙarfe a kan ƙarfe ba, saboda tartsatsi.

Ciki ya ba da amsar sauran tambayoyin. Famfon mai yana zaune ne a cikin kofin roba, da sifirin da ke danna kofin a gindin tanki. Da gindin ya taso, sifirin ya matse har ƙarshe, kofin ya tsage daga gefe, rariyar da ke ƙasan famfo ta murƙushe rabi. Hannun fulot, wanda ke hawa da sauka da mai yana gaya wa geji, yana sauka ya dira a kan tudun loɓawar, shi ya sa geji ba ya wuce kwata. Wannan haɗari ne a daji: geji yana cewa da saura, tanki kuwa ya kusa bushewa. Shaƙewar inji ma ta fito fili. Famfo yana ja ta matsattsiyar rariya daga tankin da ke jan man baya, kuma fetur mai ɗumi in matsi ya ragu a kansa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba, sai famfo ya riƙa haɗiyar kumfa. A tsaya, iska ta ɗan sulalo ciki, komai ya dawo na ɗan lokaci.

Katsewar kan famfon gidan mai kuma daga toshewar nan take. A motocin da aka ƙera tun ƙarshen shekarun 1990 don kasuwar Amurka, tururin da mai ke korowa lokacin zubawa ta cikin gwangwanin gawayi yake bi ya fita. In hanyar a rufe take, mai ya taso a wuya, ya rufe ɗan ramin da ke bakin kan famfo, shi kuma ya ɗauka tanki ya cika. Na duba bawul ɗin kifewa da ke saman tanki, waɗanda ke hana mai zuba in mota ta kife: a tsaye iska tana wucewa, da aka juya tankin suka rufe. Ƙyauren da ke gindin wuya ma yana motsi. Mesar wuya ba ta lanƙwashe ba, ko da yake a wasu motocin reshe ko dutse yakan matse ta ya ba da irin wannan alama ba tare da wata toshewa ba.

Ko tankin zai gyaru? Akwai masu hura wa tanki kwamfuresa don loɓawa ta fito. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Iskar ba ta zaɓar inda za ta tura, tana iya kumbura saman ko ta buɗe ɗinki, ta kuma ɓalle katangun ciki da ke hana mai kai-komo. Walda ta fi muni, domin tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururi ne fal. Ƙaramar loɓawa da ba ta taɓa wurin famfo ba ana iya barinta, ko a tura ta da katako ta ramin famfo. Wannan kuwa ta yi lanƙwasa mai kaifi kusa da ɗinkin gefe, kuma da na goge wurin sai danshi ya sake fitowa. Canji ya zama dole. Da na roba ne, wani lokaci yakan koma siffarsa in an buɗe masa iska, amma in ya tsage ko ya yi fari a wurin lanƙwasa, gam ba ya kama irin robarsa da kyau, kuma bangonsa hawa-hawa ne da shimfiɗar da ke hana tururi ratsawa, narka shi yana ɓata ta. Sabulun sanda da ake gogawa a ƙaramin huji yana aiki, don fetur ba ya narkar da shi, haka ma gam mai haɗi biyu a kan ƙarfe, amma na fitar da mota daga daji ne kawai.

Wajen mayarwa, sabon zoben roba a bakin famfo, ba tsohon ba, domin tsohon ya kumbura da mai ba zai zauna ba. Robobin da ke tsakanin maɗauri da tanki su koma wurinsu, in ba haka ba ƙarfe ya ci ƙarfe. Noti a ɗaure su gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Bututun tururi kada ya lanƙwashe, kada kuma ya yi kwari inda mai zai kwanta ya toshe shi. Tsakanin faranti da tanki na bar tazarar da yatsa zai shiga, na buɗe ramukan tsiyayar ruwa.

Tunda motar daji za ta koma, na tsawaita mesar shan iska da wadda ke jure fetur, faɗinta daidai da ta asali, don siririya za ta dawo da katsewar kan famfo. Na kai ta sama bayan rufin wuyan tanki, nesa da salansa, ba cikin ɗakin fasinja ba, na lanƙwasa bakinta ya kalli ƙasa da filta a kai. Masu dizal aikinsu ya fi sauƙi, galibi ba su da gwangwanin gawayi, ɗan bututun numfashi ne kawai, amma ta nan ruwa ke shiga kai tsaye in tanki mai zafi ya nutse a ruwan sanyi ya zuƙa, don haka bayan kowace tsallaka a tsiyaye kofin ruwan da ke ƙasan filtar mai. Na kuma gaya wa mai motar ya daina cika tanki har wuya kafin hawan tudu. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 0.1 cikin ɗari a kowane digiri, lita 80 in ta ɗumama da digiri 20 ta ƙaru da lita ɗaya da rabi, kuma in mota ta karkata, gwangwanin gawayi ne zai sha rarar.

Gwajin hayaƙi, na gano yoyo, ya zo ƙarshe. Na rufe bawul ɗin baya da sikana, na tura hayaƙi a matsin da bai wuce kilofaskal 3.5 ba, ina bin kowane haɗi da tocila. Ya fito a wuri ɗaya, kilif ɗin mesar wuya da bai zauna daidai ba. Na gyara, ƙwallon gejin na'urar hayaƙin ya sauka ƙasa ya tsaya, alamar ba sauran yoyo. Na buɗe bawul ɗin, hayaƙi ya fito ta sabon bakin da ke sama. Na goge lambobin, na bar mai tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu, saboda kwamfutar motoci da yawa ba ta gwada tanki in ya cika ko ya kusa ƙarewa, kuma sai inji ya kwana ya huce. Bayan tafiyar kwana uku sikana ta nuna gwajin ya kammala ba lamba. A gidan mai kan famfo ya zuba lita 58 a ja ɗaya kafin ya katse, takardar da na riƙe a bakin wuya lokacin buɗe murfi kuma ko motsi ba ta yi ba.